Yadda ake gane ko dogon yaro zai zama ɗan rok a ƙwallon Ostireliya

Tambaya: Ina taimaka wa kocin wata ƙungiya ta yara 'yan ƙasa da shekara 16 a yammacin birnin Melbourne. Muna da yaro ɗan shekara 15, tsawonsa santimita 196, nauyinsa kilo 78. Shi ne ɗan rok ɗinmu, kuma kusan duk lokacin da alƙali ya cilla ƙwallo sama shi ke fara taɓawa. Iyayensa har sun fara maganar AFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa. Me zan duba in san ko da gaske yana da makoma a wannan gurbi?

Amsa: Malam, ka fara da ajiye lissafin sau nawa yake riga kowa taɓa ƙwallo. A shekarunsu wannan lissafi ba ya nuna komai sai cewa ya fi sa'o'insa tsawo. Yaron da ya ba abokin karawarsa ratar santimita 10 ko 12, ko a tsaye yake ya miƙa hannu zai riga shi. Ratar nan kuwa ba ta ɗorewa. A AFL duk wanda zai tsaya a gabansa dogo ne: Max Gawn na Melbourne yana wajen santimita 208, Jarrod Witts na Gold Coast 209, Aaron Sandilands da ya yi wa Fremantle wasa 211. Abin da ya kamata ka riƙa tambayar kanka shi ne, ranar da tsawo ya daina yi masa aiki, me zai rage a hannunsa?

Ga wanda bai saba da wasan ba, ɗan rok shi ne dogon da ke karawa da takwaransa a sama duk lokacin da za a sake tayar da wasa: a tsakiyar fili a farkon kowane zubi (wasan zubi huɗu ne) da bayan an ci ƙwallo, a ko'ina cikin fili idan ƙwallo ta maƙale a cunkoso alƙali ya cilla ta sama, da kuma a gefe idan ta fita waje alƙalin layi ya juya baya ya wurgo ta ta saman kansa. Aikinsa ya taɓa ƙwallon ta faɗa hannun 'yan tsakiyarsa. A wasan manya irin wannan karawa takan kai 80, wani lokaci ta wuce 100.

Tsawo dai sai an yi maganarsa, tunda shi ne ƙofar shiga. Santimita 196 a shekara 15 na iya zama farkon 205, kuma yana iya zama ƙarshen girmansa ke nan. Samari sukan yi tashin girma mafi sauri a wajen shekara 13 zuwa 14, amma wani yakan riga, wani yakan makara da shekara biyu. Yaron da gemu ya fito masa, murya ta buɗe, kafaɗu suka cika tun yana 13, galibi ya kusa tsayawa. Siriri mai fuskar yara da ƙafafu zalla, shi ne mai sauran tafiya. Ka auna shi duk wata uku, da safe, ba takalmi, a jikin bango ɗaya. Idan a cikin wata shida bai ƙara santimita ɗaya ba, to abin ya zo ƙarshe. Akwai kuma lissafin da likitocin yara ke yi: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara santimita 13, a raba biyu. Kuskurensa yakan kai santimita 8 sama ko ƙasa, saboda haka kada ka ɗora hukunci a kansa shi kaɗai.

Abin da masu aunawa da yawa ke mantawa shi ne da yatsu ake taɓa ƙwallo, ba da tsakiyar ka ba. Ka shafa masa alli a yatsu ya tsaya a jikin bango ya miƙa hannu, ka rubuta. Sannan ya ɗauko gudu taku huɗu ko biyar ya yi tsalle da ƙafar hagu, ka rubuta, ya sake da ta dama. Yaro mai 196 da dogayen hannaye kan kai inda mai 201 ba ya kaiwa. Idan kuma tsallen ƙafa ɗaya ya fi na ɗayar da fiye da santimita 10, ka gano abu biyu: abokan hamayya za su riƙa tilasta masa tashi da ƙafar da ba ya so, kuma akwai raunin ƙugu ko na idon sawu da ya kamata a gyara. Waɗanda suka yi fice a AFL da tsawon 199 zuwa 201 duk akwai abin da suka cike gurbin da shi. Nic Naitanui na West Coast ya yi tsallen santimita 102 a gwajin matasa na 2008. Toby Nankervis, da ya ci kambu uku da Richmond a 2017 da 2019 da 2020, ƙarfi da kama mutum ne jarinsa. Luke Jackson kuwa a ƙasa yake motsi kamar ɗan tsakiya. Idan yaronku zai tsaya a ƙasa da 200, sai ka nemi irin wannan ƙari a jikinsa.

Yanzu ga taɓin kansa. Kamfanin Champion Data, mai tattara alƙaluman AFL, yana raba taɓi biyu: wanda aka taɓa kawai, da wanda ya faɗa wa abokin wasa a yanayin da zai iya amfani da shi. Ko manyan gwanaye, kusan ɗaya cikin uku ne na taɓinsu ke shiga kashi na biyu. Kai ma ka yi haka. Ka ɗauki bidiyon wasa uku daga wuri mai tudu, ka zauna da takarda, a kowace karawa ka rubuta abu huɗu: wace iri ce, wa ya taɓa, ina ƙwallon ta faɗa, wa ya fita da ita. Domin gane inda ta faɗa, yi amfani da fuskar agogo, kamar yadda 'yan rok da 'yan tsakiya ke yi a tsakaninsu: ƙarfe 12 gaba ne wajen turakun da kuke kai wa hari, ƙarfe 6 baya, 3 dama, 9 hagu. Bayan wasa uku za ka ga hotonsa ƙarara. Mafi yawan dogayen yara wuri ɗaya suke bugawa, gaba da ɗan karkata wajen hannun da suka fi ƙwarewa da shi, kuma da ƙarfi. Kocin da ya san aikinsa zubi ɗaya ya ishe shi ya gane, ya ajiye yaro a wurin. Daga nan dogonku ya koma yi wa abokan hamayya hidima, alhali a takarda shi ke kan gaba.

Ka kuma lura da hannun. Mai dunƙule hannu ya naushi ƙwallo ba shi da iko a kanta. Wanda ake nema shi ne mai buɗe tafi, ya bar ƙwallon ta zauna a yatsunsa na ƙiftawar ido, sannan ya juya wuyan hannu ya ajiye ta inda yake so, a hankali idan abokin wasa na kusa, da nisa idan akwai fili a buɗe. Akwai gwaji mai sauƙi a atisaye. Ka tsayar da yara huɗu a ƙarfe 12 da 3 da 6 da 9, tazarar mita uku daga gare shi. Ka cilla ƙwallo sama, sai bayan ta bar hannunka wani ya kira lamba. Sau 10 da hannun dama, sau 10 da hagu. Wanda ya kai bakwai da hannunsa mai ƙarfi da huɗu da ɗayan, a shekara 15, yana da abin ginawa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ka maimaita gwajin bayan mako shida ana koya masa, ka ga ko ta motsa. Kuma kafin ka ɗora masa laifi a wasa, ka tabbata 'yan tsakiyarku suna magana da shi. Sau da yawa taɓin yana da kyau, amma ba wanda ya je wurin, domin ba a yi shawara ba kafin a cilla.

Karawar tsakiya daban, ta sauran fili daban, kuma yaro kan iya ɗaya ya kasa ɗaya. A tsakiya tsalle ne da lokaci. A da 'yan rok kan ɗauko gudu daga nesa su haɗu gwiwa da gwiwa a sama, abin da ya riƙa tsinka musu jijiyar baya ta cikin gwiwa, har AFL ta kawo da'ira mai faɗin mita 10 a 2005 domin ta rage tsawon gudun. Yanzu taku kaɗan ne, saboda haka wanda ya iya tashi daga ɗan gajeren gudu shi ke da riba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tashi da wuri: yaro ya kai ƙololuwar tsallensa ƙwallo ba ta fara saukowa ba, yana sauka abokin karawa na hawa. Dalilin yawanci idonsa ne ke kan mutum maimakon ƙwallo. Ka mayar da bidiyon a hankali ka kalli fuskarsa a daidai lokacin haɗuwa. Ido a buɗe yake, a kan ƙwallo? Ya ɗaga gwiwa ɗaya ya kare jikinsa? Ko ya juya kafaɗa ya runtse ido? Mai juya kafaɗa tsoron karo yake ji. Ana iya rage wannan da atisaye a kan katifar karo, amma idan bayan kaka guda yana nan yadda yake, ka rubuta shi a matsayin babbar alamar tambaya.

A sauran fili kuwa babu gudu, jiki ne da jiki. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san ba mai tsawo ke kayarwa ba, mai saukar da ƙugu ne ya kafa ƙafa. Haka abin yake a nan: ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ya sa ƙugunsa a jikin abokin karawa ya hana shi isa inda ƙwallo za ta sauko, hannu ɗaya a sake. Idan aka wurgo daga gefe sai ya ƙara da karanta tafiyar ƙwallon, domin iska da ƙarfin hannun alƙali kan sa ta gaza ko ta zarce, kuma wanda ya fara gyara tsayuwa shi ke samun gaba. Da kilo 78 a kan santimita 196, duk wani cikakken namiji zai ture yaronku, kuma kada ka riƙe wannan a kansa. Ƙarfi na daga cikin abubuwan da kusan tabbas za su zo da shekaru da ɗaga ƙarfe. Ka duba ko ƙafafunsa na neman wurin da ya dace ko da an ture shi, da ko yana komawa karawa ta gaba da wata dabara. Ka ƙirga kuma sau nawa ake ba da bugun tazara a kansa saboda riƙe riga, ko tura baya, ko tare mutum ba tare da kallon ƙwallo ba. Yaron da ke yawan riƙewa yana gaya maka ƙafafunsa ba sa kai shi wurin a kan lokaci.

Inda na fi so ka daɗe kana kallo shi ne daƙiƙa uku bayan ƙafarsa ta taɓa ƙasa. A nan ake rabuwa. Yawancin dogayen yara da zarar sun taɓa ƙwallo sai su tsaya suna kallo, kamar aikinsu ya ƙare, ƙungiyarsu ta rasa mutum ɗaya a cikin cunkoso. Wanda zai yi nisa yana sauka yake bin ƙwallon: ya sunkuya ya ɗauka, ko ya tare wa abokin wasa hanya, ko ya kama wanda ya ɗauka. A takardarka ka ƙara layi na biyar, ka rubuta abin da ya yi a taku uku na farko bayan sauka. Idan a cikin karawa 30 ya shiga wasan ƙasa sau 20, kana da ɗan wasa a hannu ko da taɓinsa bai nuna ba tukuna. Idan sau biyar ne, kana da dogo.

Tarihin gurbin ma nan ya nufa. Graham Farmer, wanda aka fi sani da Polly, da ya ci kambu da Geelong a 1963, ya yi suna ne da cafke ƙwallo a sama ya miƙa ta da dunƙulen hannu zuwa nesa ga mai gudu. Dean Cox na West Coast ya shiga jerin gwanayen shekara na ƙasa sau shida saboda yana zagaye fili yana karɓar ƙwallo kamar ƙarin ɗan tsakiya. Brodie Grundy ya shiga jerin a 2018 da 2019 da irin wannan bibiya a ƙasa. Dokoki ma sun ƙara wa abin nauyi. Tun 2017 aka hana mutum na uku tsalle cikin karawar, ya zama mutum biyu ne kawai, kowa da nasa. A 2019 kuma aka sassauta wa ɗan rok ya cafke ƙwallo kai tsaye daga sama ba tare da an ɗauke shi a matsayin wanda ya riga ya sami damar rabuwa da ita ba, wato ba a hukunta shi kai tsaye don an kama shi da ita a hannu. Wanda ya iya cafkewa ya buga da ƙafa nan take ya sami makami na biyu, wanda bai iya ba kuwa kowa ya san abu ɗaya zai yi.

Wasan ƙasa yana buƙatar jikin da ke lanƙwasuwa, kuma wannan na daga abubuwan da ke da wuyar koyarwa idan an girma. Ka gangaro masa ƙwallo a ƙasa daga mita 10, tana tsalle-tsallenta na mai siffar ƙwai, ya zo da gudu ya ɗauka ya miƙa wa na gefe. Kalli inda yake lanƙwasawa. Mai sauke gwiwa da ƙugu, ya sa jiki a bayan ƙwallon, ya ɗauka da hannu biyu ba tare da ya rage gudu ba, wannan kyauta ce babba a jikin mai 196. Mai sunkuyawa daga baya kawai, ƙafafu a miƙe, yana lalube da hannu ɗaya, zai sha wahala. Sai dai a yi adalci: yaron da ya ƙara santimita 8 ko 10 a shekara guda yakan rikice na ɗan lokaci, hannu da ƙafa ba su san tsawonsu ba. Idan yana cikin wannan hali, ka jinkirta hukunci wata shida. Ka tambayi iyayensa ko yana ƙarami ya iya motsi, ko ya yi ƙwallon kwando ko ƙwallon ƙafa. Ba banza ba ne Grundy da Jackson da Todd Goldstein duk daga ƙwallon kwando suka fito.

Gudu ba sai an tsawaita ba. A gwajin matasa na AFL ana auna gudun mita 20, gudun kauce-wa-turaku, tsalle a tsaye da tsalle da gudu, da gudun kilomita 2. Ga dogon yaro ɗan 15, kilomita 2 a ƙasa da minti 8 mafari ne mai kyau, kuma ana so ya matso kusa da minti 7 kafin ya kai 18. Amma agogo bai kai zubi na huɗu faɗin gaskiya ba. Ƙirga sau nawa aka cilla ƙwallo bai iso wurin ba har wani gajere ya tsaya a madadinsa.

Cafke ƙwallo a sama kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke sa ƙungiya ta riƙe ɗan rok a fili lokacin da ba a karawa. Idan 'yan baya sun rasa wanda za su ba, dogon suke nema a bakin layi. Idan ana kawo musu hari, shi ke komawa ya toshe gaban 'yan gaban abokan hamayya. Ka duba ko yana miƙa hannaye ya kama ƙwallon a can sama a gaban idonsa, ko yana jira ta sauko ƙirji. Dogon da ke kamawa a ƙirji ya zubar da duk tsawon da Allah ya ba shi, domin gajere ma zai kai hannu ya doke ta. Ka duba kuma kamu ɗaya yake yi ko sai ta yi tsalle a hannunsa sau biyu. Bugun ƙafa ba a neman ya zama gwani. Ya iya kai ƙwallo mita 30 ga abokin wasa ba tare da ta yi lilo a iska ba ya wadatar a yanzu. Matsalar dogaye a nan sananniya ce: nisan da ke tsakanin hannu da ƙafa ya yi yawa, ƙwallo na karkacewa kafin ta isa. Maganinta ya raka ƙwallon da hannu ɗaya zuwa ƙasa sosai kafin ya sake ta.

Halinsa ba za ka gan shi ba muddin yana cin kowa. Ka nema masa wanda ya fi shi. Ka kai shi atisayen 'yan ƙasa da 18, ko ka roƙi ɗan rok na babbar ƙungiyarku ya kara da shi sau 15 a ƙarƙashin kulawa, a karawar tsaye kawai, ban da tsallen tsakiya. Zai sha kashi, kuma haka ake so. Abin kallo shi ne karawa ta 10 zuwa ta 15, da kuma mako mai zuwa. Ya canza tsayuwa? Ya tambayi babban yadda ya yi masa? Ya dawo yana neman a sake? Gurbin nan na mai haƙuri da ciwo ne, gwiwa a cinya, gwiwar hannu a haƙarƙari, sau da dama a wasa ɗaya, kuma shekarun farko a ƙungiyar manya kusan duka na shan kashi ne. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: shi yana son wasan, ko don ya yi tsawo aka tura shi? Ka tambaye shi ba a gaban iyayensa ba.

Jikinsa amana ce a hannunku, kuma dogayen yara da yawa a nan ake lalata su kafin a san ko za su iya. Ƙashi kan riga tsoka da jijiya tsawo, shi ya sa ake yawan ganin ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa da a dunduniya a lokacin tashin girma. Waɗanda suka fi haɗari su ne tsagewar ƙashi a ƙasan baya da a tsakiyar ƙafa, masu zuwa a hankali saboda yawan tsalle da sauka. Ciwon baya a gefe ɗaya da ke ƙaruwa idan ya lanƙwasa ta baya, ko ciwo a saman ƙafa da ya wuce mako biyu, na likitan wasanni ne, ba na a daure ba. Ka haɗa lissafin duk abin da yake yi a mako, na makaranta da na ƙungiya da ƙwallon kwando, domin kowane koci nasa kawai yake gani. Cikakken tsallen karo a atisaye kada ya wuce 15 zuwa 20, sau biyu a mako, a bar masa aƙalla kwana ɗaya ko biyu ba gudu ba tsalle. Ka sa shi ya diro daga akwati mai tsawon santimita 30 da ƙafa ɗaya ka tsaya a gabansa: idan gwiwar na faɗawa ciki, a fara gyaran wannan kafin a ƙara masa nauyin komai. Rauni ba ya nufin an gama da yaro. Gawn ya tsinka jijiyar gaba ta cikin gwiwa kafin a ɗauke shi, ya sake tsinkawa a farkon zamansa a Melbourne, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kambu a 2021. Amma Matthew Kreuzer, da Carlton ta ɗauka na ɗaya a zaɓen matasa na 2007 (zaɓen da ƙungiyoyin AFL ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi), raunuka sun ci masa wasanni masu yawa.

Duk wannan awo sai an haɗa shi da sanin cewa ɗan rok ba ya nuna da wuri. Ana ɗaukar matasa a shekara 18, ɗan tsakiya nagari kan shiga wasan manya a shekararsa ta farko, amma dogo yakan kai 23 ko 25 kafin jikinsa da dabararsa su haɗu. Masu farautar 'yan wasa na AFL, da duk kayan aikinsu, sun sha kuskure a nan. Cox da Sandilands duk an tsallake su a babban zaɓe, sai a zaɓen cike gurbi aka ɗauke su. A babban zaɓen kuwa, Goldstein na 37 ne a 2006, Gawn na 34 a 2009, Witts na 67 a 2011. Gawn bai shiga jerin gwanayen shekara ba sai 2016. Tim English, da Western Bulldogs ta ɗauka na 19 a 2016 yana siriri ana ture shi, sai 2023 ya shiga. Saboda haka awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ka yi gwaje-gwajen nan a farkon kaka, a tsakiya, da ƙarshe, ka ajiye takardun shekara biyu. Yaron da ke matsakaici yau amma kowane wata uku lambobinsa na hawa ya fi wanda ke sama ya tsaya cik. A ganina, idan za a jera abubuwan bisa nauyi, bibiyar ƙasa da lanƙwasuwar jiki da son karo su ne a gaba, laushin hannu na biye, ƙarfi da nauyi su ne na ƙarshe domin su ake iya ƙarawa.

Kada kuma ku kulle shi a gurbi ɗaya. Majak Daw, haifaffen Khartum kuma ɗan wasa na farko haifaffen Sudan a AFL, ya fara a North Melbourne a matsayin ɗan rok da ɗan gaba, amma kakarsa mafi kyau ita ce 2018 da aka mayar da shi baya. Mac Andrew ma Gold Coast ta ɗauke shi na 5 a 2021 yana ɗan rok na matasa, ya zama ɗan baya. Idan yaronku ya tsaya a 197, makomarsa na iya zama a gaba ko a baya, yana taimakawa a rok na ɗan lokaci. Ku riƙa ba shi zubi ɗaya a kowane wasa a ɗaya daga cikin wuraren nan, ko da hakan zai sa ku rasa wasu taɓi a tsakiya.

Iyayensa kuwa ka gaya musu abin da ke gabansu, ba AFL ba tukuna. Matakin da ke biye a yankinku shi ne Western Jets, ƙungiyar da ke wakiltar yammacin Melbourne a gasar matasa ta jihar Victoria, kuma masu zaɓe a can sun saba ɗaukar dogon da bai gama haɗuwa ba idan sun ga yana motsi da kyau. Idan za ka tura musu bidiyo, kada ka tara taɓi 20 a jere. Ka haɗa minti uku da ke nuna shi yana sauka yana bin ƙwallo, yana ɗauka a ƙasa da gudu, yana cafkewa a sama cikin mutane, ka haɗa da awon tsawonsa na wata 12 da suka wuce da tsawon iyayensa biyu.